Hannun Baba Wanzam

Duk mai tsoho a gida, don Allah ya riƙa kallon hannunsa lokacin da yake zaune ba ya yin komai. In ka ga babban yatsa yana murza na kusa da shi kamar mai jan carbi, alhali babu carbin, kada ka tsaya tambayar wa ya yi masa. Ɗauke shi ku tafi asibiti. Mu mun tsaya tambaya, ta cinye mana kusan shekara, ta cinye awakin Inna, ta kuma kusa haɗa mu gaba da mutumin da bai ji ba bai gani ba. Abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan, ni Rabi, 'yar Garba Wanzam na Gwandu, mai aure a Kalgo. Ina kuma so a san irin mutumin da ya haife ni, don ni kaina sai a jinyar nan na san shi.

Baba wanzami ne ɗan wanzami jikan wanzami. A wajenmu wanzami ba rumfar kasuwa kaɗai gare shi ba, gidaje gare shi. Akwai gidajen da tun zamanin kakansa gidanmu ke yi musu aiki, a cikin Gwandu da Malisa da Dalijan: askin magidanta, askin jinjiri ran suna, kaciyar yara in sanyi ya shigo, ƙaho ga mai ciwon baya. Ba a biya nan take. Sai kaka ta yi, kowane gida ya aiko da damin gero ko na dawa, masu fadama su aiko da shinkafa, Fulani su haɗo da man shanu. Da wannan aka ciyar da mu, da shi aka aurar da mu. Mu huɗu ne kuma duka mata, saboda haka zabirar gidanmu, jakar fatar nan da aska da ƙaho ke ciki, a kafaɗar Baba ta tsaya. Ranar da ya ajiye ta, ta bar gidan ke nan, ita da hatsin da take jawowa.

Hannunsa kuwa sai wanda ya gani. Tsofaffi gyangyaɗi suke yi yana musu aski. Mata masu jego ba sa ko kau da kai in ya ɗora aska a kan ɗansu, don sun san ko ƙwarzane ba za a samu ba.

Da ƙaramar Sallah na fara lura. Na je gida, na durƙusa ina gaishe shi a zaure, sai na ga hannunsa na dama a kan gwiwa yana rawa shi kaɗai. Da ya ga idona ya kai wurin, sai ya cusa hannun ƙarƙashin cinya ya ci gaba da tambayar yara. Na shiga ciki na tarar da Inna a madafa, ban ko ƙarasa tambayar ba ta daka mini tsawa.

"Ke, rufa muna asiri! Hannun wanzami na hwa. In wagga magana ta hita zaure, mi za mu ci?"

Ashe sun daɗe da sani. Abin da ya ruɗe su shi ne, da zarar Baba ya kama aska sai rawar ta tsaya cik, in ya gama ya ajiye ta dawo. Baffa Sani, ƙanen Baba, manomi ne, bai gaji askar ba amma yana da rabo a hatsin, shi ya yanke hukunci. "Ku dubi Allah," in ji shi, "ciwon Allah ya san aska? Wanga aikin hannu na." Kowa dai ya san ana cewa wanzamai suna gwada juna, wani ya dakushe wa wani aska a bainar jama'a, wani ya hana jinin kaciyar wani tsayawa. Sai aka tuna wai a wani biki Mamman, wanzamin Dodoru, ya gaisa da Baba ya riƙe masa hannu ya daɗe bai saki ba. Shi ke nan, Mamman ya shiga bakin gidanmu.

Watannin da suka biyo baya, wayyo Allah. Baba da kansa mai magani ne, ya jiƙa duk saiwar da ya sani ya sha, ya nuna wa Baffa inda zai kafa masa ƙaho a kafaɗa. Baffa ya ɗauko wani mai magani daga can wani ƙauye, aka turara Baba da hayaƙi har idanunsa suka yi jajur, aka nemi baƙar akuya, aka dawo aka ce ba ta isa ba a ƙara ja. Wani yaro mai shagon magani ya ce taifot ne, ya rataya masa ruwa. Wata gwaggonmu ta ce iska ce ta bakin rafi, ya daina bin hanyar Dalijan da tsakar rana. Kowa ya zo dubiya da nasa maganin a leda, kuma kowa ya yi rantsuwa nasa ya warkar da wani. Baba bai taɓa kama sunan Mamman ba. In aka matsa masa sai ya ce, "Ni dai ban gani ba." Amma bai hana su ba, don yana jin nauyin a ce ya raina ƙoƙarin ɗan'uwansa.

Ciwon bai tsaya jiran mu gama shawara ba. Tafiyarsa ta koma 'yan ƙananan taku, hannun dama ya daina lilo in yana tafiya. Fuskarsa ta daskare, ka ce fushi yake yi da kai. Muryarsa ta yi ƙasa. Alwala ta koma aiki, mutumin da ke sahun gaba ya fara rasa raka'ar farko. Duk da haka kullum safiya zabira na kafaɗa.

Sai ranar da ya je Dalijan aske wani dattijon Bafillace, Malam Buba, wanda ya fi shekara talatin yana miƙa masa kai. Yana cikin aski hannun ya ƙage, ya yi ƙoƙarin motsa shi, sai askar ta zame ta yanki bayan kunne. Ƙaramin yanka ne. Malam Buba dariya ma ya yi, ya ce kan ya tsufa ne ya yi taushi. Baba ya dawo gida bai taɓa abinci ba, ya ce Inna ta kira masa ni a waya. Ni ce 'yar fari, tsakanina da shi gaisuwa ce kawai da sunkuyar da kai, bai taɓa nemana da kansa ba. Na ji muryarsa can ƙasa.

"Ki taho ki kai ni wurin likita. Yau na zub da jinin da ba a sa ni ba."

Washegari na iso na tarar Baffa yana ta faɗa a tsakar gida. "Wanzami cikin layin asibiti? Mu da aka zowa biɗar magani? Gobe duk Gwandu ta ji!"

"To ta ji," in ji Baba. "Yau mai magani shi ka biɗa."

A asibitin Gwandu ba su ɓata mana lokaci ba, Allah ya saka musu. Likitan ya dube shi ya ce wannan na masu duba jijiya da ƙwaƙwalwa ne, ya tura mu babban asibiti a Kalgo. Da na ji Kalgo na yi murna, na ce ga gidana nan. Na manta da wa nake tafe. Baba ya kwana gidan suruki? Ya ce sai dai a kama masa ɗaki a tasha. Da ƙyar da roƙo ya yarda da ɗakin zaure. Maigidana, Malam Usman, malamin makaranta ne mai kunya shi ma kamar amarya. Baba ba ya cin abinci in Malam na gida, Malam ba ya shigowa in Baba na zaure, sai ya tsaya bakin titi yana ta danna waya har tuwo ya huce. Na ce yau na ga ta kaina, ga jinya ga rabon masu kunya.

Ciwon ne ya raba su. Wata asuba Baba ya kasa tashi daga tabarma, jikin ya ƙi ba shi haɗin kai, ga kiran salla ana yi. Malam ya ji motsi, ya shiga ya miƙa masa kafaɗa. Tun daga ranar tare suke tafiya masallaci, tare suke dawowa suna musu a kan farashin taki. Baba ya ce mini, "Ashe mijinki mutum na mai daɗin hira. Kunya ta cuce mu shekara da shekaru."

Layin asibiti kuwa, wanda bai zauna shi ba kada Allah ya zaunar da shi. A fito da sassafe, a yanki kati, a zauna benci har ƙugu ya mutu. Likitar da muke nema ba kullum take zama ba, masu jiranta kuma daga ko'ina suke, har da mutanen ƙauyukan bakin gulbi da suka kwana a hanya. Makon farko layi bai kawo kanmu ba. Ban ga laifin ma'aikatan ba, su kaɗan ne mu kuma kamar kasuwa, amma raina ya ɓaci, na yi ta masifa ni kaɗai. Shi kuwa wanda ake yi domin shi, ya sami abin yi. Kawunan mutane yake bi da kallo.

"Dubi wancan," ya raɗa mini. "Wanda yay yi mai aski da hushi yay yi shi. Wancan kuma askin inji na, ya bar mai ƙeya awa gonar da ba a gama nome ba."

Na bencinmu suka ji suka fashe da dariya, har mai ƙeyar. Abin da na lura da shi kuma, Baba ya daina zama a kan hannunsa. Ya ɗora shi a fili bisa gwiwa yana ta rawarsa. In wani ya ƙura masa ido sai ya ce, "Gaishe ka shika yi, amsa mai." Mutumin da ya yi wata da watanni yana ɓoyo, a bencin nan ya sauke kayan.

Mako na biyu muka shiga. Likitar mace ce, ba za ta girme ni ba. Ta sa ya yi tafiya zuwa ƙofa ya dawo, ta sa ya haɗa yatsu ya buɗe da sauri, ta lanƙwasa masa hannu ta miƙar, ta yi tambayoyi har da ko yana jin ƙamshin abinci. Ashe ya daɗe ba ya ji, bai faɗa wa kowa ba. Ta ce sunan ciwon Fakinsan, a ƙwaƙwalwa yake, kuma yana kama tsofaffi ko'ina a duniya. Sannan ta faɗi maganar da har yau take kunnena.

"Baba, wannan baƙo ne da ya zo zama. Magani zai koya masa ladabi, amma ba zai kore shi ba."

Ni nan take hawaye suka zubo mini. Baba ya gyara zama ya ce yana da tambaya biyu.

"Ɗiyata, mutum na iya sa ma wani shi? Ko da riƙon hannu, ko da wani abu?"

Ta ce a'a, ba mai iya sa wa wani.

Wallahi sai na ga fuskar nan da ta daskare ta saki. "Alhamdu lillahi," in ji shi. "Ashe ba ni da maƙiyi." An ce masa ciwonsa ba ya warkewa, shi murnar da yake yi ke nan.

"Ta biyun fa, Baba?"

"Aska hwa?"

Ta ce in magani ya karɓe shi, hannun zai riƙa natsuwa na wasu awoyi, har ya ga kamar ya warke. "Amma ba zan iya ce maka ga lokacin da zai sake ka ba. Wata rana ya kai ka azahar, wata rana ya sauke ka a hanya." Baba ya gyaɗa kai.

Makon farko na magani tashin zuciya ne da jiri, har na ce ko mu bari. Likita ta ce a daure, a kuma daina haɗa shi kusa da nama ko nono. Nan ne kawai na ji Baba ya yi ƙorafi, don mutum ne da ba ya wasa da furar hantsi. Mako na biyu aka ƙara masa yawan ƙwayar. A na uku ya fito daga ɗaki ya sa maɓallin rigarsa da kansa, ya tsaya yana nuna mana kamar yaron da aka yi wa ɗinkin Sallah. Maganin tsada gare shi, kuma ba kowane shago ke da shi ba. Malam ya sha zarya Birnin Kebbi, duk zuwa kuma ya tarar an ƙara kuɗi. Abin da keken ɗinkina ke kawowa can yake tafiya, ƙannena su ma suna turo abin da ya sawwaƙa. Ina roƙon masu irin jinyar nan, kada tsada ta sa ku sayi na ƙulli a leda wanda ba kwali ba suna, kuma kada ku bari ya yanke, don ranar da ya yanke mana Baba ko juyi a shimfiɗa bai iya ba.

Masu gashin ƙashi na asibitin suka ce ya riƙa tafiya da manyan taku, yana wurga hannu, yana magana da ƙarfi. Wani tsohon zai ji kunya. Baba ya fita layinmu da la'asar yana taku kamar soja, yana ƙwala wa kowa sallama tun daga nesa. Yaran unguwa suka bi shi suna kwaikwayo, na leƙo zan kore su ya hana ni, ya jera su a bayansa ya zama shugaban fareti. Har yau in na fita ana tambayata yaushe soja zai dawo.

Ba kullum ake dariya ba. Wata rana na shigo na same shi yana ƙoƙarin kai ludayi baki, kunun yana zuba a riga. Na juya baya ina kuka, na ɗauka bai gani ba.

"Mi kika ma kuka?" ya ce. "Hannun ga tun ina yaro shika yi min bauta, bai taɓa biɗar hutu ba. Yanzu ya ce rawa shika so. A bar shi shi yi rawatai. Kawo min babban cokali, kuma ki rage cika shi."

Na share hawaye na kawo cokalin. Ban taɓa jin ina alfahari da mutum kamar ranar ba.

Gab da kaka na mayar da shi Gwandu. Mutane suka ga ya yi kyau, tafiya ta miƙe, hannu shiru in ya sha magani. Baffa Sani ya zo da dabara, kuma don Allah dabarar ba ta wauta ba ce. Ya ce Baba ya sha ƙwayarsa da safe, ya zaga gidajensa kafin rana ta take, ya dawo. Wa zai sani? Ga gero ya nuna, dami na hanya, ga magani na cin kuɗi. Inna kuwa na ga idonta a kan rumbu. Ni ma da aka tambaye ni hankalina ya rabu biyu, don na san abin da ke cikin rumbun, na kuma san abin da likita ta faɗa.

Baba ya saurare su har suka gama. Da safe ya rataya zabira, ya sa aka kira mai mashin. Baffa ya yi murmushi, ya ɗauka an bi shawararsa. Ashe Dodoru ya nufa.

Mamman da bakinsa ya ba mu labari daga baya. Ya ce yana zaune ya ga Garba Wanzam a ƙofarsa, ya ɗauka faɗa ne ya kawo shi, don maganar zargin ta daɗe da iso masa, har wasu sun janye masa yaransu daga kaciya. Baba ya zauna ya ce, "An ci namanka cikin gidana, ina ji ban hana ba. Likita ta wanke ka, amma ni ya kamata in wanke ka tun hwarko. Ka yahe muna." Mamman bai gama share ido ba Baba ya ɗora da ta biyu: yana so ya ɗauke shi gida gida, ya damƙa masa duk kawunan da gidanmu ke askewa.

Da labari ya iso gida, Baffa kamar zai tashi sama. "Zabirar ubanmu ga mutumin Dodoru? Wanda munka zarga?"

"Shi na ya hi kowa hannu cikin ƙasag ga, ka sani na sani," in ji Baba. "Kuma ubanmu kawunan mutane yab bar min amana, ba jakar hwata ba."

Haka suka yi ta zagawa su biyu a bayan mashin. A kowane gida Baba da bakinsa yake faɗin ciwonsa, ya miƙa hannun a gani, ya ce ga wanda zai ci gaba. Zan faɗi gaskiya, kakar nan rumbunmu bai cika ba. Wasu gidajen sun raba dami biyu, rabi Dodoru rabi gidanmu, Malam Buba ma cewa ya yi nasa damin ba zai canja hanya ba muddin yana raye. Wasu kuwa ko sannu. Inna ta koma suyar ƙuli-ƙuli, mu 'ya'ya muka raba maganin wata-wata a tsakaninmu. Baffa ya yi fushinsa ya gaji, yanzu shi ke raka Baba Kalgo in lokacin ganin likita ya yi. Ciwon yana nan, yana ƙara taku a hankali kamar yadda aka faɗa mana. Ina gode wa likitar nan, ina gode wa Malam Usman da bai taɓa nuna gajiya ba, da duk wanda ya taka ya zo dubiya, har masu maganin leda, don na san ƙauna ce ta kawo su.

Gida ɗaya ne ya ƙi yarda Baba ya ajiye aska, gidan Malam Ummaru na Malisa. An yi masa jika namiji, ya aiko cewa shi bai san wani Mamman ba, ran suna Garba yake jira. Mai jegon ƙawata ce tun ta ƙuruciya, saboda haka ni da Inna muna cikin gidan ranar.

Bayan an raɗa suna an yi addu'a, aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin mai jego, aka kawo ruwa a ƙwarya. Wata tsohuwa ta fito da jinjirin. Baba ya shigo da zabira a kafaɗa, Mamman na biye da shi. Bai daɗe da shan magani ba, tafiyarsa garau. Malam Ummaru ya tare shi a gaban mata da maza.

"Garba, ubanka yay yi min askin suna. Kai kay yi ma ɗana. Miƙo hannunka in gani."

Baba ya miƙa. Hannun ya tsaya cik, ko motsi babu.

"To mi ya rage? Lahiya lau shike. Wanga ɗaya dai, na roƙe ka, daga shi ka aje."

Mata suka ɗauka, "Yi mai, Baba Wanzam, albarkacin hannunka muka so." Na dubi Baba na ga yadda yake kallon kan yaron nan, baƙin gashi kwance luf, irin kallon da mai azumi ke yi wa randa. Wallahi yana so. Ya buɗe zabira ya zaro askar, ya wasa ta a fata a hankali, ya gwada kaifinta a gashin hannunsa.

Sai ya juya ƙotar ya miƙa wa Mamman.

"Ummaru," ya ce, "hannun ga da kag gani tsaye, aro na. Mai shi na iya karɓa ko yaushe, ba shi sallama. Kan jikanka ya hi ƙarhin aro." Ya sauke zabirar gaba ɗaya ya ajiye ta gefen Mamman.

Malam Ummaru ya sa hannun riga ya goge ido. Mamman ya durƙusa ya jiƙa kan yaro, ya ɗaga aska, sai ga nasa hannun yana kakkarwa don nauyin idon jama'a. Baba ya leƙa ya ce, "A'a, Mamman, kai ma in kai ka Kalgo?" Gida ya kwashe da dariya, Mamman ma ya yi, hannunsa ya dawo. Ya aske kan nan tas, ko ɗigon jini babu.

Yaro kuwa ya buɗe maƙogwaro. Tsohuwa ta jijjiga ya ƙi, aka miƙa wa uwar ya ƙi. Baba yana zaune gefe a kan turmi, hannu wayam, ya ce a kawo shi nan. Ba a saba haka ba, amma aka ɗora masa shi a cinya. A lokacin ne maganin ya fara sakinsa, hannun da ke tallafe da bayan yaron ya soma 'yar rawarsa. Kukan ya ragu, ya koma ajiyar zuciya, can sai barci. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Baba bai ko ɗago ba, ya sunkuya yana ta kallon yaron.

Da za mu koma, muna tsaye bakin hanya muna jiran mota, kafaɗarsa ba komai a kai, na kasa daurewa.

"Baba, ba ka ji zafi ba?"

"Na ji," ya ce. "Awa an cire min haƙori ba allura." Hannun yana ta kaɗawa a gefen riga. "Amma kin san wani abu? Jinjiri nawa anka kawo gabana tun tasowata, ban san adadi ba. Tsakar kai kaɗai nika kallo, don kada aska ta kauce. Ko ku da nih haihwa, hakanan. Yau na ga huska. Rabi, ashe haka suke da kyau?"